Tafiya, kujera, keke ko ruwa: wanne ya dace da dattijon da gwiwa ke damu?

A asibiti maganar ba ta da tsawo. An auna jini, an duba suga, likita ya rubuta magani, sannan ya ɗago kai ya ce, "Baba, ku riƙa motsa jiki." Shi ke nan, sai mai bi. Wanda aka faɗa wa kuwa dattijo ne mai shekara 65 ko 70, wanda ya ƙare ƙarfinsa a kujerar ofis har ya yi ritaya, ko a bakin shago a babbar kasuwar Birnin Kebbi, ko kuma Hajiya ce da surukai da jikoki suka karɓe mata tsintsiya da taɓarya tun da jimawa. Gwiwa tana ƙara in an miƙe daga tabarma, ƙugu ya riƙe, matakalar masallaci ma sai an dafa bango. Irin wannan mutum in ka ce masa motsa jiki, abin da ke faɗo masa a rai shi ne samari masu gudu a bakin titi da gajeren wando, sai ya ce wannan ba nasa ba ne. Kuma yana da gaskiya.

Nasa wani iri ne daban: a ɗan matsa wa jiki na ɗan lokaci, a sassauta har numfashi ya dawo, a sake matsawa. Duk wanda ya yi sa'ayi tsakanin Safa da Marwa ya san tsarin, ana tafiya a natse, in an iso tsakanin korayen fitilu maza su ɗan yi sassarfa, in an wuce a koma tafiya. Zuciya da tsoka ba sa ƙara ƙarfi sai an nemi abin da ya ɗara wanda suka saba bayarwa, amma tsohon da bai saba ba ina zai iya riƙe sauri na rabin awa a jere? Minti 1 kuwa zai iya. In ya yi shi sau 5 da hutu a tsakani, ya samu minti 5 na aikin da da bai samu ko kaɗan ba.

Masu cewa gwiwa mai ciwo hutu take so, sai su duba yadda aka halicci gaɓa. Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi ba shi da jijiyar jini, daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kuma sai ana lanƙwasawa ana miƙewa ruwan ke ratsa shi. Ga kuma tsokar cinya, wadda ita ke tare wa gwiwa nauyi. Yawan zama yana zubar da ita, in ta zube ciwo ya ƙaru, in ciwo ya ƙaru a ƙara zama. Shi ya sa a sashen gashin ƙashi ba a ce wa mai amosanin gwiwa ya je ya kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce wanda ya kai 65 ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, ya ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2, ya kuma yi abin da ke gyara tsayuwa don gudun faɗuwa aƙalla kwana 3. Can ake son a kai, ba daga can ake farawa ba.

Hanyoyin da ke gaban mutumin Kebbi huɗu ne: tafiya, kujera, keke, da ruwa. Ba nauyinsu ɗaya ba, don haka ba zan ba su fili ɗaya ba.

Tafiyar sauri da sannu

Tambayar farko da dattijai ke yi ita ce, to ai ina zuwa masallaci da ƙafa sau 5 a rana, me ya rage? Akwai binciken da ya amsa wannan kai tsaye. A Jami'ar Shinshu da ke Matsumoto a Japan, Farfesa Hiroshi Nose da abokan aikinsa sun raba mutum 246, waɗanda matsakaicin shekarunsu 63 ne, zuwa gida uku. Wasu ba a ba su aikin tafiya ba. Wasu aka ce su yi taku 8,000 ko fiye a rana da matsakaicin sauri. Na ukun kuma minti 3 da sauri, minti 3 a hankali, sau 5 ko fiye, aƙalla kwana 4 a mako. Bayan wata 5, a sakamakon da aka wallafa a 2007, masu sauri da sannu ƙarfin miƙe gwiwarsu ya ƙaru da kashi 13 cikin 100, na lanƙwasawa da kashi 17, juriyar numfashi da kusan kashi 9, kuma hawan jininsu ya fi na sauran sauka. Masu taku 8,000 sun sha tafiya, amma ba su kusanci wannan riba ba. A Denmak ma an gwada tsarin a kan masu ciwon suga na tsawon wata 4, aka wallafa a 2013: rukuni biyu sun ɓatar da lokaci ɗaya suna tafiya, amma masu sauri da sannu ne suka rage ƙiba kuma sugansu ya fi daidaita.

Tafiyar masallaci tana da lada kuma tana da amfani, kada wani ya ji na raina ta. Amma tafiya ce ta natsuwa, da carbi a hannu, ga gaisuwa a kowace ƙofa. Jiki ya saba da ita tun shekaru, ba ta neman wani sabon abu daga zuciya.

Minti 3 na mutanen Japan ba na makon farko ba ne. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da minti 5 na tafiya a hankali har gaɓoɓi su saki, sannan rabin minti ko minti 1 da sauri, minti 2 a hankali, a maimaita sau 5, a rufe da wasu minti 5 a natse. Kwana 3 a mako ya isa, a riƙa tsallake rana. In an yi mako 2 gwiwa ba ta kumbura ba, a ƙara rabin minti. Wani sai ya yi wata 3 kafin ya kai minti 3, kuma ba wanda ke biye da shi da bulala. Wanda ba ya son duba agogo ya ƙirga falwaya: biyu da sauri, uku ko huɗu a hankali.

Saurin da ake nufi ba faɗaɗa taku ba ne. Dogon taku yana sa dunduniya ta sauka can gaba da jiki, gwiwa ta sha duka. Gajeren taku ake yi akai-akai, hannaye suna lilo, ƙirji a miƙe. Ma'aunin kuwa yana bakin mutum. In a lokacin saurin kana iya jero ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya jikin Hajiya, duk a numfashi ɗaya, to ba ka matsa ba tukuna. In kana iya amsa "lafiya lau" amma sai ka ja numfashi kafin ka ƙara wata kalma uku ko huɗu, ka kai inda ake so. In ko "lafiya" ta gagara fita, ka wuce gona da iri, sassauta.

Wurin tafiya ya fi yawan mintuna muhimmanci ga mai ciwon gaɓa. Lungunanmu da yawa rairayi ne. Yana da taushi a ƙafa, amma ƙafa na nutsewa tana karkacewa, idon sawu da gwiwa suna ta kokawar daidaita jiki, mai rauni kuma a nan yake gurɗewa. Da damina sai taɓo da santsi. Gefen kwalta a karkace yake don ruwa ya gangara, ƙafa ɗaya tana sama ɗaya tana ƙasa, ga buɗaɗɗiyar kwata, ga 'yan kabu-kabu. Abin da ya fi shi ne ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya: filin makarantar firamare kafin yara su zo, filin idi, ko harabar filin wasa irin na Haliru Abdu ga wanda ke kusa kuma ya samu shiga. Mutanen ƙasar Zuru da ke da tudu da gangare su riƙe wannan: a yi saurin a wajen hawa, a sauko a hankali, don gangara ta fi hawa cin gwiwa. Takalmi kuma mai rufi, mai kama dunduniya, ko da kambas ne na gwanjo. Silifas na alwala ne. Mai dogara sanda ya riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, wato in gwiwar dama ke ciwo sanda ta hagu ce. Da yawa suna riƙe ta a gefen ciwon, suna mamakin rashin sauƙi.

Sai lokaci. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40, kuma tsufa yana rage jin ƙishirwa, mutum ya bushe bai sani ba. A bazara ba wani lokaci sai bayan asuba kafin rana ta ɗaga, a sha ruwa kafin a fita. A hunturu akasin haka ne: sanyin safiya yana ƙara riƙe gaɓoɓi, ƙura tana tayar da tari da asma, gara a jira hantsi.

Amma babban abin da ke kashe wannan tafiya a garinmu ba gwiwa ba ce, idon mutane ne. Dattijo mai furfura in ya ɗaga ƙafa a unguwa, kafin ya wuce falwaya biyu ɗan kabu-kabu ya ci birki: "Baba, lafiya? Ku hau in kai ku." Maƙwabci ya leƙo daga zaure: "Alhaji, ko rasuwa aka yi?" Kuma ba ya yiwuwa babba ya wuce sa'ansa da ɗaga hannu kawai. Maganin da na ga yana aiki shi ne a yi su biyu ko uku, abokan sahun asuba, a faɗa a fili cewa likita ne ya sa. Kwana kaɗan unguwa ta saba, har a fara tambaya in an ga ɗaya bai fito ba. Ga mata abin ya fi wuya. Wadda ke da tsakar gida mai faɗi za ta iya yi a ciki, amma ta lura da juyawa: kai-komo a taku 10 yana nufin murɗa gwiwa kowane ɗan lokaci. Ta zagaya da faɗi, ta riƙa sauya hannun da take juyawa. Wadda tsakar gidanta ƙarama ce, sashe na gaba nata ne.

Raunin tafiya guda ne amma babba. A kowane taku gwiwa tana ɗaukar ninki 2 zuwa 3 na nauyin jiki, an auna wannan a jikin mutanen da aka sa wa gwiwar ƙarfe mai ɗauke da ma'auni. Mai kilo 80 kenan yana ɗora wa gwiwarsa abin da ya kai kilo 200 a taku ɗaya. Lafiyayyar gwiwa ba ta damu ba, mai ɗan amosani ma tana jurewa har ta ƙaru. Amma mai ƙiba sosai wanda gwiwarsa ke kumbura daga zuwa bakin titi, kada ya fara da nan. Abin farin ciki a nan shi ne, lissafin yana aiki ta ɗaya ɓangaren: wani bincike a Amurka a 2005 ya nuna duk kilo 1 da aka rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku.

Kujera

Wannan ita ce hanyar da aka fi rainawa, kuma a ganina ita ce ta fi kowace amfani ga wanda ya haura 70 ko ya fara sallah a zaune. Akwai gwajin da ma'aikatan lafiya ke yi da ita: kujera mai tsayin kusan santimita 43, marar hannu, a jingine da bango. Mutum ya rungume hannayensa a ƙirji, ya miƙe tsaye sosai ya koma ya zauna, a ƙirga sau nawa ya yi a daƙiƙa 30. A ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke amfani da shi, namiji mai shekara 65 zuwa 69 in bai kai 12 ba, ko mace in ba ta kai 11 ba, yana ƙasa da sa'anninsa kuma haɗarin faɗuwarsa ya ƙaru. Daga 70 zuwa 74, namiji 12 ne, mace 10.

Na gwada wa gwaggona a tsakar gidanta, kusa da randa. Yadda take tashi kullum shi ne ta dafa gwiwoyi da tafin hannu, ta yi lilo gaba sau biyu, ta ce "wash Allah", sannan ta miƙe. Na ce, "Gwaggo, ku rungume hannu a ƙirji." Ta harare ni ta ce, "Kai ɗan nan, kashe ni za ka yi?" Ta yunƙura, mazaunai suka ɗaga kamar taƙi ɗaya, cinyoyi suka hau rawa, ta koma daɓas. Sai muka ɗora matashi a kan kujerar don ta ƙara tsayi, ta dafa da yatsu. A haka ta iya. Abin da ya ba ta mamaki shi ne hakin da ta yi. Ta ɗauka sai an fita waje ake haki.

Daga wannan gwajin ake gina aikin. Daƙiƙa 20 zuwa 30 ana tashi ana zama, minti 1 a huta a zaune ana kaɗa ƙafa. Sai daƙiƙa 30 na taka ƙasa a wuri ɗaya ana ɗaga gwiwa, hannu yana dafe da bango, a huta. Sai ɗaga dunduniya a tsaye, a huta. Sai a zauna a riƙa miƙa hannaye sama da gaba da sauri, in an so da gorar ruwa a kowane hannu. A zagayo sau 2 ko 3, duka minti 10 zuwa 15. Sirrin tashin shi ne a ja ƙafafu baya ƙarƙashin gwiwa, a sunkuyo hanci ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan a tura ƙasa. Sirrin zaman kuma kada a saki jiki a faɗa, a sauka a hankali, don a saukar ne cinya ta fi yin aiki. Kada a riƙe numfashi ana nishi, yana harba jini sama.

Kujerar ma a zaɓa. Farar kujerar roba ta biki tana zamewa a kan siminti, ƙafarta tana buɗewa in ta sha rana. A nemi ta katako, ko benci, ko bakin gado mai tauri. Kujera 'yar tsugunne ta madafi ta yi ƙasa ƙwarai, ba ta wannan aiki ba ce.

In aka ɗora ta a sikeli da tafiya, kujera ta fi ta a ƙarfin cinya da tsayuwa, waɗanda su ne ke raba tsoho da faɗuwa a makewayi da karayar ƙugu. Ba ruwanta da rana, ba ruwanta da ƙura ko ruwan sama, ba ta buƙatar hijabi ko rakiya, kuma ba mai tsayar da kai gaisuwa. Tafiya ta fi ta a juriyar zuciya da ƙona suga da kitse, don minti 12 a ɗaki ba zai kamo rabin awa a fili ba. Kuma tana da gundura. Wanda ba a tsaya masa ba, mako 2 ya daina. A haɗa ta da wani abu da ba ya tashi, kamar labaran safe a rediyo, ko a ba jika aikin ƙirge. Yara suna son ganin sun zama malaman kaka.

Keke

Ta fuskar gaɓa zalla, keke ya fi tafiya sauƙi nesa ba kusa ba. Sirdi ne ke ɗauke da mutum, gwiwa tana ɗaukar abin da bai wuce nauyin jiki ko ninki ɗaya da rabi ba, ga ta tana lanƙwashewa tana miƙewa ba tare da duka ba. Matsawa da sassautawa ma sun fi sauƙin sarrafawa: minti 1 a juya feda da sauri, minti 2 a hankali. Mai ƙiba da mai gwiwar da ke kumbura, a nan zai iya yin haki sosai ba tare da ya kwana yana shafa man zafi ba.

Matsalar ita ce wane keke. Na hawa a titi, ga wanda ya yi rayuwarsa a kai, manomin da ke zuwa fadama da shi har gobe, ba sabon abu ba ne, sai dai ya sa tsarin sauri da sannu a hanyar gona inda ba motoci. Amma wanda rabonsa da keke tun yana saurayi, kada ya koma a 68 cikin Keke Napep da babura. Faɗuwa ɗaya ta shafe ribar shekara. Na girke a ɗaki shi ne lafiyayye, sai dai kuɗi, sabo ne ko na gwanjo, kuma gidaje nawa ne aka saya ya koma wurin rataye kaya? Wasu suna kai tsohon keke wurin mai walda ya yi masa ƙafar da za ta ɗage tayar baya. Yana yiwuwa, amma sai gindin ya yi faɗi sosai, kuma tayar da ke juyawa a iska ba ta da nauyi, sai an ɗan ɗaure birki kafin ta sa mutum haki. Wanda zai saya, ya fara gwada na sashen gashin ƙashi ko na wani ɗan'uwa, ya ga ko ƙugunsa da mazaunansa sun yarda. Mai ciwon baya da mai matsalar mafitsara sukan fi jin daɗin mai kujera da majingina.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne sirdi ya yi ƙasa, don a ji ƙafa tana taɓa ƙasa. Hakan yana sa gwiwa ta lanƙwashe sosai, ƙoƙonta ya sha matsi. A ɗaga shi har in feda ta kai ƙasa, ƙafa ta kusa miƙewa, saura ɗan lanƙwasa kaɗan. Sannan a sani keke ba ya koya wa mutum tsayuwa, ba ya kuma ƙarfafa ƙashi kamar yadda taka ƙasa ke yi. Mai keke yana buƙatar kujera.

Ruwa

A littafin likita ba abin da ya kai shi. Wanda ya shiga ruwa zuwa ƙugu, kusan rabin nauyinsa ƙafafu ke ɗauka, zuwa ƙirji kuma kusan kashi ɗaya cikin uku, ga ruwan yana tura shi baya duk inda ya motsa. Kuma mu masu ruwa ne, daga Matan Fada a Argungu har Neja a Yawuri. Amma ban ba kowane tsoho shawarar shiga gulbi ko tafki ba. Akwai tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga dodon koɗi ta ratsa fata ko ba a sha ruwan ba. Akwai laka mai santsi da ramin da ba a gani, akwai igiyar ruwa da damina. Kwamin wanka mai magani kuwa sai a wasu otal-otal, kuma wace Hajiya ce za ta shiga? Wanda Allah ya hore wa tsaftataccen wuri marar zurfi da mai tsaya masa, ya yi tafiya a ciki, sauri da sannu. Saura mu wuce.

Wa zai ɗauki wanne

Wanda ke iya tafiyar minti 15 ba ɗingishi, kuma gwiwarsa ba ta kumbura washegari, tafiya ce tasa, kwana 3 zuwa 4, ya ƙara kujera kwana 2. Yawancin masu shekara 60 da 'yan kai a nan suke, kuma wannan haɗin ya fi kowane ɗaya shi kaɗai. Maniyyaci ma dole nan zai dosa ko da kujera ya fara, don sa'ayi kaɗai ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi da hanyar jifa, kuma ba keken da zai koya wa tafin ƙafa wannan. Wanda ya kasa gwajin daƙiƙa 30, ko ya taɓa faɗuwa a shekarar nan, ko yake jin jiri in ya miƙe, kujera tukuna na mako 4 zuwa 6, a sake gwaji, in lamba ta hau a fita fili. Mai ƙiba da gwiwa mai kumburi, keken ɗaki in da hali, in babu kujera mai tsayi da aikin hannaye. Tsohon manomi ko masunci da har yanzu ke aiki, shi zuciyarsa tana samun rabonta, abin da ya fi buƙata shi ne gyaran tsayuwa da sassauta wa baya.

Bidiyoyin da jikoki ke nunowa a waya, a tace su. Duk wanda aka ga ana tsalle, ko tsugunno har ƙasa, ko faɗawa ƙasa a miƙe da sauri, ba na mai farawa ba ne ko an rubuta na tsofaffi ne. Ba wai matsawa sosai haramun ce ga tsoho ba. A Trondheim ta ƙasar Norwe an bi mutum 1,567 masu shekara 70 zuwa 77 har shekara 5, wasunsu suna yin minti 4 mai tsanani sau 4, sau 2 a mako. A sakamakon 2020, wannan rukunin ne ya fi ƙarancin mace-mace, duk da masu binciken sun ce tazarar ba ta kai a yanke hukunci da ita ba. Amma waɗannan tsofaffi ne masu ƙoshin lafiya da aka tantance, akasarinsu sun saba motsa jiki tun da.

Kowace aka ɗauka, gwiwa ce alƙali, kuma washegari take yanke hukunci. Ɗan ciwo ko tsamin jiki da ya wuce cikin kwana ɗaya ba komai. In aka tashi da kumburi, ko ɗingishi, ko ciwon ya hana barci, a rage aikin da rabi, kada a daina gaba ɗaya. Gwiwar da ta yi zafi jau ta kumbura lokaci ɗaya, ta asibiti ce. Kada a sha maganin kashe ciwo irin diklofenak ko haɗin kemis don a samu a fita: yana toshe bakin alƙalin, ga shi yana taɓa ƙoda da gyambon ciki, yana kuma ɗaga jini. Nauyi ko matsi a ƙirji, ciwo mai tafiya hannu ko muƙamuƙi, jiri, gumi mai sanyi, hakin da ya ƙi kwanciya bayan hutu, waɗannan a tsaya nan take a nemi likita. Mai ciwon zuciya, da wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, da wanda awon jininsa ya kai 180 a sama ko 110 a ƙasa, su fara da likita kafin kujera ma. Masu shan atenolol, wani maganin hawan jini da zuciya, da danginsa kada su dogara da agogon ƙirga bugun zuciya, maganin yana hana bugun hawa, su yi amfani da ma'aunin gaisuwa.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan gilibenkilamaid ya sa dabino 3 a aljihu, kada ya fita da yunwa, in ya dawo ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, don ƙafar da ta dushe ba ta jin tsakuwa a takalmi. Da azumi kuwa a ɗage aikin zuwa awa 1 ko 2 bayan buɗa-baki, a rage shi da rabi, ranar da aka yi doguwar tsayuwa a tarawihi ko tahajjud a bar gwiwa ta huta.